Gyaran ɗakin emajansi a Agege: a toshe tagogi a sa esi, ko a bar iska ta shiga?

Maginin Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ma'aikatan lafiya da ke cikinmu ku taimake ni da shawara kafin na fara fasa bango, don idan siminti ya bushe magana ta ƙare.

Ni magini ne, shekarata 14 a Legas. An ba ni aikin gyaran ɗakin emajansi na wani ƙaramin asibitin kuɗi nan yankin Agege, asibiti ne da mutanenmu ke zuwa sosai, mahauta da 'yan shanu na abbatuwar Oko-Oba, masu keke Marwa, matan unguwa da yaransu, kowa nan yake fara faɗawa idan abu ya taso cikin dare. Ɗakin bai wuce ƙafa 30 da ƙafa 18 ba, gado 5 ne a ciki, ƙofa ɗaya tal, ta nan mara lafiya ke shiga ta nan gawa ke fita ta nan mai kawo abinci ke wucewa, sai benci biyu a baranda inda ake jiran kati. Abin da mai asibitin ke so shine a cire tsofaffin tagogin luba, masu falle-fallen gilashi da ake karkatawa, a sa gilashin alminiyom mai zugewa, a yi silin na zamani a sauko da shi ƙasa, a manna tayil, a sa esi guda biyu wurin ya yi kyau ya yi sanyi. Kuɗinsa ne, aikina kuma in yi abin da aka ce. Amma raina bai kwanta ba, kuma ga dalili.

A watan Mayun 2020, kwana kaɗan da sassauta kullen Korona, numfashin mahaifinmu ya sarƙe da misalin ƙarfe 1 na dare, dama yana da asma. Ni da baffanmu muka saka shi a keke, asibiti biyu muka je ko get ba a buɗe mana ba, mai gadi na jin ance numfashi sai ya ja da baya ya ce babu gado. Na uku suka karɓe mu Allah ya saka musu, amma sai da muka yi kusan awa 4 a kan benci a wani lungu mara taga, kusa da mu wani bawan Allah yana ta tari kamar ƙirjinsa zai tsage, ba takunkumi a fuskarsa, mu ma babu, fanka na sama tana ta juya iskar a kanmu. Baba ya warke ya dawo gida. Baffa da ya raka mu lafiyarsa ƙalau, bayan sati ɗaya ya kwanta da zazzaɓi, kwana 9 muka kai shi makwancinsa. Ajali ne na sani, kuma Allah kaɗai ya san inda ya ɗauko, amma wallahi bencin nan har yau bai fita daga idona ba.

Toh yanzu ga shi ni aka ba wa guduma da cebur a ce in gina irin wurin. Me ya kamata in faɗa wa mai asibitin? Idan wata annoba ta sake zuwa, Allah ya kiyaye, yaya ake tsara ɗakin emajansi yadda wanda ya zo da karaya ba zai koma gida da cutar wani ba? Kuɗin ba su da yawa, kar a kawo min tsarin Turai.

Maman Ilham (nas):

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan baffa ya sa ya huta, ya ba ku haƙuri. Kuma Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka yi tambaya, da yawa sai an gama gini ake kiranmu a ce mu shiga mu yi aiki a haka.

Ni shekarata 11 ina aikin jinya, 6 daga ciki a emajansi nan Legas, kuma da ni aka yi Korona daga farko har ƙarshe. Abu na farko da zan ce maka, ka ɗan manta da cikin ɗakin tukuna, ka fito waje ka tsaya a bakin get. Aikin a nan yake. Duk wanda ya riga ya shiga ya zauna a bencin kati ya yi minti 30 yana tari, ko daga baya ka kai shi ɗakin da ya fi kowanne tsada an riga an makara. Don haka ka nema masa wuri tsakanin get da ƙofar emajansi ka yi rumfa, rufin kwano mai tsayi da dakali da teburi ɗaya, gefe da gefe a buɗe iska na wucewa. A nan nas za ta zauna da abin gwada zafin jiki da ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa ya nuna yawan oksijin da ke cikin jini, da kwalin takunkumi. Tambayoyin ba su da yawa: akwai zazzaɓi? tari ko sarƙewar numfashi? amai da gudawa? jini na fita ta wani wuri? ƙuraje? daga ina ka dawo cikin sati 3 da suka wuce, kuma akwai mai irin wannan ciwon a gida? Minti 2 ya isa. Mai tari a miƙa masa takunkumi nan take kafin ma a tambayi sunansa, shi da wanda ya rako shi.

Daga rumfar nan hanya ta rabu biyu, kuma a nan ne gudumarka za ta yi amfani. Ka fasa ƙofa ta biyu. Mai haɗari, mai naƙuda, mai hawan jini, yaron da ya faɗo daga bene, su bi tsohuwar ƙofa. Wanda ake zargi ya bi sabuwar, ya shiga ɓangarensa. A ɗakin da ka kwatanta zaka iya yanke gado 2 ka ja bango har sama ya taɓa silin, ba labule ba, ba katakon da ya tsaya a rabi ba, labule sutura ce kawai ba ya tare iska. Gadajen kuma a bar aƙalla mita 1 tsakaninsu, in da hali a ƙara. Kuma dan Allah kar ka manta da banɗaki, ɓangaren nan ya samu nasa daban ko da ƙarami ne. Lokacin kwalarar da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024 duk wanda ya yi aiki ya san cewa banɗaki ɗaya ga kowa shine masifa, mai gudawa ya fito mai ciki ta shiga.

Sai wurin wanke hannu. Ka sa famfo da sink a bakin kowace ƙofa, ciki da waje, irin famfon da ake turawa da gwiwar hannu. Inda ruwan famfo ba tabbas a ajiye bokitin nan mai famfo a ƙasa da roba a ƙarƙashi, wanda ake kira bokitin Veronica, wata ma'aikaciyar lafiya 'yar Ghana Veronica Bekoe ce ta ƙirƙiro shi, kuma ya yi mana aiki sosai. Abin da na lura dashi shine idan sink ɗin yana can ƙarshen baranda ba mai zuwa, har mu ma'aikatan, ba don ba mu sani ba sai don mutum 3 na kiranka lokaci ɗaya. Idan yana kan hanyarka kuwa hannunka da kansa zai je.

Wani abu da magina ba sa tunawa: ɗan lungu na cire kayan kariya. Saka riga da safar hannu da takunkumi ba wuya, wurin cirewa ne mutum ke shafa wa kansa cuta, ka gaji, gumi ya jiƙa ka har cikin takalmi, gilashin fuska ya yi hazo, so kake kawai ka yaye komai ka sha iska. Ka yi mana ɗan wuri ko ƙafa 5 da ƙafa 6 ne a bakin fita daga ɓangaren masu zazzaɓi, da madubi a bango da kwandon shara mai murfi da ake takawa da ƙafa da wurin wanke hannu. Wurin sakawa daban, wurin cirewa daban, kar su haɗu.

Tayil ɗin kuma ka bar masa, yana da amfani, ya fi siminti saurin gogewa. Ka dai cike tsakaninsu da kyau kar jini ya riƙa maƙalewa. Masu shara su san haɗin bilic: irin Jik ɗin kasuwa mai ƙarfin kashi 3.5, awo 1 a ruwa awo 6 shine na jini da amai da kashi, kuma kullum sabo ake haɗawa don idan ya kwana ƙarfinsa ya ragu. Maganar taga da esi zan bar wa likitoci, amma ni dai a ra'ayina kar ka cire lubar nan.

Ɗan Mile 12:

Anti duk na ji bayaninki kuma gaskiya ne, amma maganar a bar taga a buɗe fa akwai gyara. Legas ce fa. Watan Maris mutum lafiyarsa ƙalau ma yana neman shiɗewa don zafi balle mai ciwo, ga sauro, kin kawo mutum da karaya ya koma da maleriya, ga hayaƙin janareta, ga ƙarar motocin danfo, ga damina idan ruwa ya taho da iska har kan gado. Sannan mu faɗa wa juna gaskiya mai asibiti kasuwanci yake, mutane idan suka leƙo suka ga ba esi cewa za su yi asibitin bai da kyau su wuce na gaba. Manyan asibitocin Ikoyi da Lekki ai duk a rufe suke ruf da esi, su ba su san da cutar ba ne?

Likitan Dare:

Salam. Malam magini Allah ya gafarta wa baffa. Sister ta riga ta faɗi mafi yawan abin da zan faɗa, ni kan iska zan tsaya, sai kuma maganar get ɗin da aka ƙi buɗe muku don ita ta fi ci min rai.

Ɗan uwa na Mile 12, tambayarka tana kan hanya. Bambancin shine esi iri biyu ne. Wanda ake mannawa a bango, irin na gidajenmu da shaguna, ba ya kawo sabuwar iska daga waje ko kaɗan, iskar ɗakin yake zuƙa ya sanyaya ya dawo da ita. Idan mai tarin fuka ko ƙyanda ko Korona yana ciki, abin da ya fitar yana nan yana zagaye, kuma an rufe ko'ina don kar sanyi ya fita. Ɗakin killacewa na gaske da ake yi a manyan asibitoci wani abu ne daban, injin ne ke zuƙe iskar ɗakin ya fitar da ita waje ko ya bi da ita ta matata, yadda iska kullum daga baranda take shiga ɗakin ba ta fitowa, kuma ƙa'idarsa a sauya iskar ɗakin gaba ɗaya aƙalla sau 12 a awa ɗaya. Wannan yana son wuta awa 24 da mai gyara da canjin matata a kan lokaci. Ran da wuta ta ɗauke janareta ya ƙi tashi, ɗakin ya zama akwati. Ƙaramin asibiti a Agege da ke lissafin dizal da lita ba zai iya riƙe wannan ba, kuma ba abin kunya bane.

Abin da zai iya shine taga. An yi bincike a asibitocin birnin Lima na ƙasar Peru, aka wallafa a 2007, suka auna iskar ɗakuna idan an buɗe tagogi da ƙofofi. Tsofaffin gine-gine na kafin 1950 masu dogon silin da manyan tagogi suna sauya iska wajen sau 40 a awa, na zamani kuwa wajen sau 17. Ka ga tsohon gini da tagarsa a buɗe ya ninka ƙa'idar 12 ɗin nan sau uku ba tare da ko digon dizal ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da littafin jagora a 2009 kan amfani da iskar Allah a asibitoci saboda ƙasashe irin namu. Shi ya sa idan ka shiga tsofaffin asibitocin gwamnati na zamanin Turawa zaka ga silin can sama, tagogi suna kallon juna, baranda ta zagaye. Ba don ado suka yi ba.

Don haka Malam, lubar nan ta fi gilashi mai zugewa nesa ba kusa ba, mai zugewa komai ka yi rabinsa kawai ke buɗewa, luba kuwa kusan duka, kuma ana iya karkata ta idan ana ruwa iska na shiga ruwa bai shigo ba. Ka canza waɗanda suka fashe, ka sa raga mai kyau saboda sauro da ƙarfe saboda ɓarayi. Kar ka sauko da silin. A ɓangaren masu zazzaɓi ka tabbata akwai taga a bango biyu masu kallon juna, in babu ka fasa. Ka ƙara fanka mai zuƙo iska waje a saman bangon da ke bayan gadajen, ta riƙa hurawa inda ba mutane, ba wajen rumfar jira ba kuma ba tagar maƙwabta ba. Gwajinta ma sauƙi ne, ka rufe ƙofa ka kunna ta ka riƙe 'yar takardar tishu a ƙasan ƙofar, idan ta lanƙwasa ta yi cikin ɗakin toh iska na tafiya daidai. Janareta a matsar da shi nesa da tagogin. Esi kuma in dole sai ya saka, ya kai ɗakin magani da tiyata da ofis, ko ɗaya ɓangaren na masu rauni, amma banda inda mai tari zai kwanta.

Kuma kar a ɗauka kuɗi ne ke kare asibiti. A 2015 wata cutar numfashi da ake kira MERS ta shiga Koriya ta Kudu, mutum 186 suka kamu 38 suka mutu. Mutum ɗaya da ya kwana biyu zuwa uku a emajansin asibitin Samsung da ke Seoul, ɗaya daga cikin manyan asibitocin ƙasar, ya shafa wa mutum 82, kuma 41 daga cikinsu ba marasa lafiya bane ba ma'aikata ba, masu rakiya ne da 'yan dubiya. Cunkoso ne da rashin ware shi da wuri. Mu kuma nan gida, wani mutum mai suna Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola ranar 20 ga Yulin 2014 aka kai shi asibitin First Consultant a Obalende, da farko maganin maleriya aka fara yi masa don ya musanta cewa ya yi mu'amala da mai Ebola. Dakta Stella Adadevoh ce ta yi zargi ta kuma ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata. Ita kanta ta kamu da cutar ta rasu ranar 19 ga Agusta. Mutum 20 suka kamu a Najeriya 8 suka mutu, 11 daga cikin waɗanda suka kamu ma'aikatan lafiya ne, aka bi sawun mutum kusan 900, ranar 20 ga Oktoba aka ayyana ƙasar ta rabu da cutar. A garin da ya kai Legas cunkoso. Duk lokacin da na tsaya a teburin tantancewa ina tuna matar nan.

Yanzu maganar get. Abin da aka yi muku ba daidai bane kuma doka ma ta hana, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce ba a hana mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Amma ni na ga tsoron da idona, ma'aikaci ba shi da takunkumi mai kyau, ba shi da inda zai ajiye ka ban da tsakiyar sauran marasa lafiya, yana da yara a gida, sai ya zaɓi ya ce babu gado. Mutane da yawa a 2020 ba Korona ce ta kashe su ba, asma ce da ciwon zuciya da ciwon suga da naƙuda, suna yawo a mota daga get zuwa get. Gado biyun nan da zaka yanke su ne za su ba nas ƙarfin halin cewa ku shigo. A saka silindar oksijin a wurin tun yanzu da wurin ɗaure ta a bango. A Janairun 2021 buƙatar oksijin a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Yaba ta tashi daga silinda 70 a rana zuwa wajen 350, lokacin wanda bai tanada ba ko da kuɗinsa a hannu bai samu ba. A riƙe mutum a ba shi oksijin, a kira lambar gaggawa 112 ko 767 a san inda za a tura shi, ba a bar shi a keke ba.

Baba Mai Gadi:

Salamu alaikum. Ni ba ma'aikacin lafiya bane, yarona ne ma yake rubuta min wannan, amma shekara 19 ina gadin asibiti a Legas kuma ina so in ƙara abu ɗaya da likita da nas ba su taɓo sosai ba, wato mu kanmu.

Mutanenmu idan mutum ɗaya ya kwanta mutum 10 ne ke rako shi. Zumunci ne kuma abu ne mai kyau, ni ma haka na taso, dubiya lada ce. Amma lokacin annoba ni ake bari da su a get, in ce mutum ɗaya zai shiga su ce kai ma Bahaushe ɗan uwanmu zaka hana mu ganin uwarmu, har zagi na sha a kan wannan, wani ma ya ce na sayar da kaina. Toh ɗana magini, ka yi musu wurin zama a waje, inuwa da benci da ɗan wurin alwala da inda za a shimfiɗa tabarma a yi sallah. Idan mutum ya samu inda zai zauna da mutunci ba zai yi ta turereniya a ƙofa ba. Kuma lubar nan da likita ya ce a bari tana da wani amfanin, ɗa zai iya tsayawa daga waje ɗan nesa ya hango mahaifiyarsa ya ce sannu Inna ta ɗaga masa hannu, hankalin kowa ya kwanta. Abin da ya sa mutane suka tsani killacewa shine an shiga da naka ba ka ƙara ganinsa ba.

Na biyu, harshe. Yarinyar da ke tambaya a teburi Turanci take ji da Yarbanci, wanda aka kawo jiya ya sauko daga motar shanu daga Arewa ko daga Nijar, ko Turancin buroka bai iya ba. Ta ce kana tari, ya gyaɗa kai, ta ce ba ka tari, ya gyaɗa kai. Sau nawa ana kirana in bar get in zo in yi tafinta. Wani kuma yana ji sarai amma zai ɓoye, ya sha farasitamol a hanya don kar abin gwajin ya nuna zafi, saboda tsoron kar a ce Korona ce a tafi da shi Yaba, ko in ya mutu a hana 'yan uwa gawarsa. Idan da Hausa aka yi masa magana a hankali aka ce Malam ba kama ka za a yi ba, ɗakin can ne kawai mai iska kuma ɗanka na nan waje yana ganinka, wallahi yana faɗin gaskiya. Ka ce wa mai asibitin ya nemi ko mutum ɗaya mai jin Hausa a kowane shif, kuma allon da za a rubuta a get a sa da Hausa, har da ajami in an samu mai rubutawa don dattawanmu da yawa shi suke karantawa. Mata kuma a sa musu labule a rumfar, mace ba zata faɗi inda jini ke fito mata ba maza na tsaye a kanta.

Mu masu gadi da masu shara kuma a riƙa tunawa da mu wajen rabon takunkumi. Mu ne muke fara taɓa mara lafiya, mu muke ciccibo shi daga mota.

Maman Ilham (nas):

Baba Allah ya ƙara girma, wallahi ka faɗi abin da ya fi duk namu. Maganar farasitamol ɗin nan kullum sai mun gani, shi ya sa ba ma dogara da abin gwada zafi shi kaɗai. Kuma Malam magini ka faɗa masa rumfar nan ba ta lokacin annoba kaɗai bace da za a kulle ta a mayar da ita sito idan an samu lafiya. Tarin fuka na nan kullum, ƙyanda na nan, zazzaɓin Lassa duk rani sai ya taso, mashaƙo ma da ya yi ɓarna a Kano a 2023 an samu a Legas. Idan ba a saba tantancewa ranar da ba komai ba, ranar da abu ya zo ba wanda zai tuna yadda ake yi.

Maginin Agege:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Baba na gode, Likita na gode, Anti Allah ya raya Ilham.

Jiya da yamma na je na same shi da takardar da na zana da fensir, na karanta masa bayananku ɗaya bayan ɗaya. Ya yarda da ƙofa ta biyu da bangon da zai raba gado 2, ya yarda a bar luba a wannan ɓangaren kuma silin ya tsaya yadda yake, da na yi masa lissafi ma sai ya ga kuɗin gilashin alminiyom da silin ɗin da aka fasa sakawa sun kusa biyan rumfar da fankar zuƙe iska. Esi dai ya ce sai ya saka ɗaya a ɓangaren masu rauni, ban ja da shi ba tunda Likita ya ce wannan da sauƙi. Inda muka tsaya shine banɗaki, ya ce babu fili kuma haƙa sabon rami kuɗi ne, ni kuma na auna bayan ginin akwai ƙafa 4 da rabi tsakanin bango da katanga, zai ɗauki ƙaramin banɗaki idan na ja bututun ya haɗu da tsohon ramin, gobe zan kawo mai aikin famfo ya duba gangaren.

Likita tambaya ɗaya ta rage, fankar nan mai inci 12 ta isa ɗaki mai ƙafa 12 da ƙafa 18 ko in sa guda biyu? Bangon da zan saka ta yana kallon wani lungu ne da ba a bi sosai, amma akwai mai sayar da abinci da ke ajiye tukwanenta a wurin da safe, ina tunanin in ɗaga bututu ya wuce saman rufi. Ranar Litinin nake so mu fara fasa ƙofar in sha Allah.